DAGA KWANCIN KAZA ZUWA CIKIN AKUYA

Jawabin da wani ɗan'uwa ya gabatar wa matasa a Gidan Dahala, Sakkwato

 

'Yan'uwa, kowannenmu ya san kaza na kwanci kwana 21 kafin ta ƙyanƙyashe. Abin da ya kamata mu lura da shi, ɗan tsakon nan da guzurinsa aka rufe shi. Gwaiduwa ita ce abincinsa, farin ƙwai ruwansa, ɓawon kuwa yana da ƙofofi ƙanana da ido ba ya gani, ta nan yake shaƙar iska. Kafin kwana 3 zuciyarsa ta fara bugawa. Abin da yake nema wajen uwa ɗumi ne da juyi kawai. Shi ya sa iyayenmu mata ke zuba wa kaza ƙwan zabuwa, ta kwanta masa kwana 26 zuwa 28, ta fito da 'ya'yan da ba nata ba.

To, tayin akuya ba haka yake ba. Ba shi da guzurin komi. Yana kwance cikin ruwa a mahaifa, cibiya ta haɗa shi da mabiyiya, abinci da iska duk daga jinin uwa suke zuwa masa. Akuya da tunkiya wata 5 suke yi, saniya wata 9 da 'yan kwanaki, raƙuma kusan wata 13. In uwa ta ji yunwa ya ji, in aka sa mata wuƙa ya tafi tare da ita.

Nan ne maganar ta shafe mu. Likitocin dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo sun sha yin rubutu kan 'yan tayin da ake tararwa cikin dabbobin da aka yanka a garin nan. Rani ya yi tsanani, mai dabba ya matsu, sai ya kai ta Kara. Jar akuyarmu kuwa, wadda fatarta ta yi suna har Turai, sau da yawa tagwaye take ɗauka.

Da yawanmu muna taɓa kiwo, wasu na fawa. A watannin farko ciki ba ya nunawa, sai daga baya hantsa ke cika, gefen dama ya kumbura. Saboda haka ɗan'uwa, kafin ka sayar ko ka yanka, ka tambayi yaushe bunsuru ya bi ta. In ana kokwanto, a kai wa likitan dabbobi ya duba.