Godiya Ga Waɗanda Suka Riƙe Mu Lokacin Tuntuɓe

Masu girma hakimai da dagatai, malamanmu, iyayenmu maza da mata, da ku ɗalibai 'ya'yan Yankwashi da kuka hallara a nan Karkarna:

Ranar walimar kammala karatu kowa na yabon mai shaida a hannu. Ni kuwa yau ina so mu juya ga mutanen da suka tsaya da shi a shekarar da JAMB ta ƙi, ko sakamakon WAEC ya fito babu Turanci da Lissafi, ko ya gama hidimar ƙasa ya dawo gida babu aiki.

Da yawanku kun ga 2022, lokacin da yajin aikin ASUU ya rufe jami'o'i daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Wata takwas ɗalibanmu na Jami'ar Bayero da ta Tarayya da ke Dutse suna zaune a gida. Wa ya ciyar da su? Uban da ya sayar da gero da riɗi, uwar da ta kai akuyarta kasuwa, yayar da ta ɗebi adashinta, da malamin firamare da yake tare yaro a hanya ya ce masa kada ya kuskura ya ajiye littafi. Babu sunan ɗayansu a kan takardar digiri, alhali da guminsu aka same ta.

Manyanmu ma sun bi ta wannan hanya. Malam Aminu Kano ya fara karatun Alƙur'ani a hannun mahaifiyarsa, Rakiya. Da ya je koyarwa a Midil ta Bauchi, ya sake haɗuwa da Malam Sa'adu Zungur, wanda shi kansa ya shiga Kwalejin Yaba a 1934 ya baro ta bai kammala ba, amma ya zama jagoran tunanin samarin Arewa. A 1950 Malam Aminu ya ajiye aikin koyarwa a Maru ya shiga gwagwarmayar jam'iyyar NEPU. Ya faɗi zaɓe a 1954, ya ci a 1959, shekara guda bayan rasuwar Sa'adu. Bai bar alherin ya bi iska ba: ya zauna ya rubuta littafi a kan rayuwar Sa'adu Zungur domin na baya su san wanda ya haska masa hanya.

Hausawa sun ce yaba kyauta tukwici. Tukwicin iyaye da malamai kuwa aiki ne, kuma yana da lokaci. Ku je ku gaishe su tun suna raye. Wanda ya samu albashi ya fara da gidansu. Wanda ya fito daga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure, ko yake karatu a jami'ar fasaha ta Babura, ya nemi yaro ɗaya a ƙauyensu da ya faɗi jarrabawa, ya biya masa kuɗin sake zama, ya zauna da shi ya yi masa bita. Daga Roni zuwa Gwiwa, akwai yara masu ƙwaƙwalwa da rashin mai cewa "sake gwadawa" kaɗai ya mayar da su gida.

Allah Ya jiƙan iyayenmu da malamanmu da suka riga mu, Ya ƙara wa na raye lafiya, Ya ba mu ikon saka musu.