Amanar Yaro Tsakanin Gida da Makaranta: Gabatar da Iyaye ga Makarantar Firamare Kafin Ɗansu Ya Shiga



Gabatarwa

Sanin kowa ne cewa a kowace shekara, da zarar an buɗe makarantu a watan Satumba, dubban yara 'yan shekara 6 sukan taka ƙofar makarantar firamare a karo na farko. Akan yi musu rajista, a raba su aji-aji, a nuna wa kowa malaminsa da wurin zamansa. Sai dai akwai waɗanda ba a nuna wa kome, ba a kuma gaya musu kome, alhali su ne za su riƙa tayar da yaron nan kullum da safe har shekara 6, kuma a hannunsu shawara take, ko ya zo makaranta, ko ya tafi gona, ko ya ɗauki talla. Waɗannan su ne iyayensa.

Manufar wannan lacca ita ce ta nuna cewa wajibi ne makaranta ta karɓi iyaye tun kafin ta karɓi yaro. Za a duba yadda makarantar allo take yin haka tun da can, da dalilin da ya sa makarantar boko ta taso ba ta gaji wannan al'ada ba, sa'an nan a kawo abin da ya kamata a yi a aikace.

Yadda ake kai yaro makarantar allo

A ƙasar Hausa, idan yaro ya isa shiga makarantar allo, uba ko kaka shi yake kama hannunsa ya kai shi zauren malam, sau da yawa da 'yar sadaka a hannu, ya ce: "Malam, ga amana." Malamin nan ba baƙo ba ne. An san gidansa, an san iyayensa, masallaci ɗaya ake salla da shi. Uba ya san lokacin karatu na safe da na yamma, ya san ana hutu ranar Alhamis da Juma'a, ya kuma san kuɗin Laraba da ke kansa.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne uba ya san matakan karatun. Ko da shi kansa bai yi nisa ba, ya san ana farawa da babbaƙu, a wuce farfaru, a shiga haɗa baƙi, a yi ta wanke allo har a kai ga sauka. In yaro ya kai wani muhimmin mataki, labari yakan iso gida, a yi sadaka, uwa ta yi abinci. Ranar sauka kuwa unguwa duka takan shaida. Saboda haka gida yana da ma'aunin da zai gane ko yaro yana ci gaba ko yana tsaye, malam kuma ya san akwai idon da ke kallon aikinsa.

Ana maganar makarantar cikin unguwa ce a nan. Inda aka tura yaro wani gari mai nisa, uba ya juya baya shekara da shekaru, wannan igiya takan tsinke, kuma kowa yana ganin sakamakon haka a titunan birane. Wannan ma shaida ce cewa ƙarfin tsarin yana ga sanayyar da ke tsakanin gida da malam.

Yadda boko ya shigo

Makarantar boko ta wata ƙofa dabam ta shigo. Bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903, Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano a 1909, kuma ta hannun sarakuna aka tara mata ɗalibai. Da makarantun elementare suka yaɗu a ƙarƙashin En'e, wannan hanya aka ci gaba da bi. Umurni yakan sauko daga sarki zuwa hakimi, daga hakimi zuwa dagaci da mai unguwa, cewa a kawo yara kaza. Ba a nemi yardar uba ba, balle a yi masa bayani.

Iyaye kuwa suna da dalilan tsoro. Sun ji labarin makarantun mishan, suna gudun a taɓa addinin 'ya'yansu. Sun ga yaro ya tafi Midil a babban birnin lardi ya dawo da ɗabi'un da ba su sani ba. Ga kuma asarar hannu ɗaya a gona. Don haka wasu suka riƙa ɓoye 'ya'yansu, wasu suka tura su wajen dangi, wasu masu hali suka ba da yaran barorinsu a madadin nasu. Har yanzu akan ji dattijo ya ce, "A shekara kaza aka kama ni aka sa ni boko." Kalmar "kama" ta isa bayani. Da ita ake maganar ɓarawo da wanda bai biya haraji ba.

Daga U.P.E. zuwa dokar 2004

A watan Satumba na 1976 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa, wato U.P.E. Masu tsara shirin sun yi ƙiyasin yara kamar miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya, sai ga wajen miliyan 3 sun bayyana. Azuzuwa suka kasa, malamai suka kasa, aka shiga horar da sababbi cikin gaggawa. Da yake yara da yawa ba su da takardar haihuwa, sai a ce wa yaro ya ɗora hannu bisa kansa ya kamo kunnensa na ɗaya gefen. In ya kamo, ya isa shiga. A cikin irin wannan cunkoso babu hedimastan da ya sami sukunin zama da iyaye.

A 1999 aka ƙaddamar da shirin ilmin bai-ɗaya, dokarsa kuma ta fito a 2004. Dokar ta mayar da karatun shekara 9 kyauta kuma tilas, ta tanadi hukunci ga uban da ya ƙi sa ɗansa: gargaɗi a karo na farko, tarar Naira 2,000 ko ɗaurin wata 1 a karo na biyu, tarar Naira 5,000 ko ɗaurin wata 2 bayan haka. Babu laifi a ce doka ta kare haƙƙin yaro. Amma doka iyakarta ta sa a rubuta sunansa a rajista. Zuwansa kullum, da cin abinci kafin ya fito, da barinsa ya gama aji shida, duk a tsakar gida ake yanke su. Uban da bai taɓa shiga makarantar ba, bai san sunan malamin ba, bai san abin da ake koyarwa ba, ranar da aikin gona ya matsa ba zai yi dogon tunani ba kafin ya ce yaro ya ajiye jaka.

Abin da ya kamata iyaye su gani, su ji

Abin da ake nufi da gabatarwa shi ne a ware rana guda, mako ɗaya ko biyu kafin buɗe makaranta, a gayyaci iyayen sababbin ɗalibai. Akwai abubuwa biyar da bai kamata su tashi ba su sani ba.

Na farko, wuri da mutane. A zaga da su, su ga ajin da yaro zai zauna, da wurin shan ruwa, da bayan gida, ko da a lalace suke. Ɓoye lalacewar ba ya gyara ta, amma uban da ya gani da idonsa yana iya kawo ɗauki. Malamin aji ɗaya ya tashi ya faɗi sunansa da unguwarsu. Iyayen 'ya mace musamman sukan so su san ko bayan gidan mata dabam yake, da kuma hanyar da za ta bi ta dawo gida.

Na biyu, lokaci. A faɗi ƙarfe nawa ake shiga, ƙarfe nawa ake tashi, da yadda hakan zai daidaita da makarantar allo ko Islamiyya, domin uba ya tabbata ba a ce ya zaɓi ɗaya ya bar ɗaya ba. A bayyana zangon karatu uku na shekara da lokutan hutu. A kuma yi maganar kaka a fili, tun da zangon farko yana haɗuwa da girbi, kuma a zangon nan ne ake koyon baƙaƙe. Yaron da ya rasa mako huɗu a lokacin yakan daɗe yana bin 'yan ajinsu a baya.

Na uku, kuɗi. A bambance abin da yake kyauta da abin da ke kan uba, kamar yunifom da littafin rubutu da fensir. In akwai wani karo-karo da aka amince da shi, a faɗi adadinsa a gaban kowa, a ce za a ba da rasit. Ba abin da ke ɓata tsakanin talaka da makaranta kamar a ce masa karatu kyauta ne, sa'an nan yaro ya riƙa dawowa da saƙon kuɗi.

Na huɗu, karatun kansa. Makarantar boko tana bukatar ta ba iyaye ma'auni irin na babbaƙu da farfaru. A ce musu a ƙarshen zangon farko yaro zai gane baƙaƙe kaza, a ƙarshen shekara zai karanta gajeren zance, ya rubuta sunansa, ya ƙirga zuwa kaza. Uwar da ba ta yi boko ba tana iya buɗe littafin rubutu ta duba ko shafuka suna ƙaruwa, ko akwai jan biron malam a kansu. A nan ne kuma maganar harshe takan taso, don iyaye da yawa suna auna karatu da jin Turanci. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen gida ko na yankinsa. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci har shekara 6 ana ba su Turanci a matsayin darasi, ya nuna yaran ba su koma baya a Turancin ba. Kowane harshe makaranta take amfani da shi a aji ɗaya, ta gaya wa iyaye, ta faɗi dalili.

Na biyar, horo da ƙorafi. A bayyana irin horon da makaranta ta yarda da shi da wanda ta hana, da wanda uba zai gani in yana da kuka. In ba a nuna masa ƙofa ba, ko dai ya zo da faɗa, ko ya cire ɗansa shiru.

Abin da ya kamata makaranta ta ji

Ranar ba ta jawabin hedimasta kaɗai ba ce. Akwai abin da gida ya sani wanda malam zai yi wata shida bai gano ba. Wani yaro ba ya ji sosai, wani ba ya hango allo daga nesa, wani yana da sikila ko farfaɗiya, wani bahago ne, wani Fillanci ko Barbarci ake yi a gidansu. Yaro nawa aka yi wa laƙabin daƙiƙi alhali kunne ne ke damunsa? A wannan rana ce kuma za a nemi takardar haihuwa da katin rigakafi, wanda ba shi da su a nuna masa inda zai samu, ba tare da an kori ɗansa ba.

Dole kuma a lura da al'ada. Yaro da yawa riƙonsa ake yi a hannun kaka, ko gwaggo, ko kawu. Akwai kuma kunyar ɗan fari, wadda takan hana uba ko uwa nuna kulawa a bainar jama'a, har ma da faɗin sunansa. Don haka kada a kafe sai mahaifi. Wanda yaro yake kwana a hannunsa shi ne abokin shawarar makaranta.

Uwa da lokacin taro

Galibi uwa ce ke tayar da yaro, ta yi masa wanka, ta ba shi kalaci, kuma ribar talla a hannunta take shiga. Taron da aka yi da maza zalla ya bar rabin aikin a baya. Inda mata suke kulle, sai a shirya musu nasu zaman, malama ta jagoranta, ko a cikin gidan mai unguwa, ko a Islamiyyar matan aure. Kada a sa taro ranar kasuwa ko da hantsi lokacin aikin gona. Gayyata kuwa ta bi ta bakin mai unguwa da liman da mai shela, domin takarda ba ta isar da saƙo ga wanda ba ya karatu.

Ana iya cewa hedimastan da yake fama da aji mai yara fiye da 100 ba shi da sarari, kuma ko an kira iyaye ba duka za su zo ba. Gaskiya ne. Amma abin da taron yake ci bai wuce tabarmi da ruwan sha da yini guda ba, kuma ƙungiyar iyaye da malamai da kwamitin gudanar da makaranta na al'umma suna iya ɗaukar nauyinsa. In uba 20 suka zo bana suka ga an girmama su, su ne za su kai labari majalisa da masallaci.

Kammalawa

Ga ma'aikatan ilmi, abin da ake roƙo ƙarami ne: Sakataren Ilmi na ƙaramar hukuma ya sa wannan rana cikin jadawalin shekara, sufeto kuma in ya zo rangadi ya tambayi ranar da aka yi ta da adadin waɗanda suka halarta, maza da mata. Ga ɗalibai, waɗanda da yawansu gobe za su riƙe alli, su tuna cewa uban da ya tsaya a bakin ƙofa yana jin nauyin shiga, jikan wanda aka kama ne, kuma malam ne ya kamata ya fara miƙa masa hannu. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ba a kuma ba da amana ga wanda ba a sani ba.