Jawabin Babban Baƙo a Bikin Yaye Ɗaliban Harhaɗa Manhaja, Manchok

 

Waɗanda muke yayewa yau kashi biyu ne, kuma da gangan aka zaunar da su aji ɗaya. Akwai matasa masu rubuta manhaja. Akwai akawu, ma'aji, sakatarorin ƙungiyoyin manoma da masu tsaron shago, waɗanda yanzu suka iya harhaɗa tasu manhajar da AppSheet ko Power Apps, ko su tsara fom a KoboToolbox, ba sai sun yi dogon rubutun kwamfuta ba. Abin kamar gini da bulo ne: an riga an buga, jerawa ta rage.

Kwamfuta ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu. Tun 2001 gidauniyar Fantsuam ta Kafanchan ta ci kyautar Hafkin saboda cibiyar koyon kwamfuta ta Bayan Loko, lokacin da yawancinmu ko wayar hannu ba mu taɓa riƙewa ba. Sabon abu shi ne, yau wadda ta san aikin ita ke tsara fom ɗin aikin.

Kuma ta fi cancanta. Ma'ajiyar ƙungiya ta san ba a haɗa ɗanyar citta da busasshiya a layi ɗaya. Ta san wanda ya karɓi taki bashi da damina sai kaka zai biya, wani da kuɗi, wani da buhun masara, kuma mudun wannan kasuwa ba lallai ya zo daidai da na waccan ba. Saurayin da ya karanta kwamfuta, komai ƙwarewarsa, in bai zauna ya saurare ta ba, manhajarsa za ta yi kyan gani, a buɗe ta mako guda a koma littafi. Lokacin da cuta ta cinye gonakin citta a kudancin Kaduna a 2023, manomin da ba a rubuta girman gonarsa da abin da ya zuba ba, da me zai nuna asararsa?

Amma ku 'yan kasuwa, kada iya jera bulo ya sa ku sallami magini. Wa ke da izinin ganin bashin wani? In sabis ya ɗauke a ƙauye, ina bayanan suke tsayawa, kuma in mutum biyu suka gyara layi ɗaya, na wa za a ɗauka? Ga wanda ya fi damuna: a buɗe manhajar ƙungiya da imel ɗin sakatare, ranar da ya yi fushi ko ya koma Jos, lissafin shekaru ya bi shi. Sannan Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta hau kan duk mai tara lambobin waya da NIN na jama'a, ko a shago ne. Waɗannan aikin ƙwararru ne, kuma a biya su haƙƙinsu. “Ai ɗanmu ne” ba ya sayen data.

Ku kuma ƙwararru, ku daina yi wa aikin akawu kallon raini. Ku duba, ku gyara, ku rubuta yadda aka yi da harshen da zai gane, ku bar masa makullin.

Roƙona ga shugabannin ƙungiyoyi da ke nan: kafin a soma amfani da kowace manhaja, a buɗe ta da sunan ƙungiya, a sa mutum biyu su riƙe ta, ɗaya daga kowane ɓangare. Ɗalibai, ina taya ku murna. Allah ya sa albarka, ya mai da kowa gida lafiya.