Kuɗi A Aljihu, Tafiya A Ƙasa

(Jawabin da tsohon hedimasta ya gabatar a taron ƙungiya na shekara-shekara)



An nemi in yi magana a kan tafiye-tafiye. Ni kuwa na zaɓi wani ƙaramin al'amari da ya taɓa ba ni kunya, wato biyan kuɗin mota a ƙasar waje.

Shekarun baya na ziyarci ɗana a Landan. Wata safiya bayan ya tafi aiki, sai na ce bari in zaga gari. Bas ta tsaya, na shiga, na miƙa wa direba fam goma. Ya girgiza kai, ya nuna mini wani ɗan faifai mai ruwan ɗorawa a gefensa. Ban fahimta ba, ga mutane a bayana, kowa da kati a hannu. Haka na sauko, ni da na ƙarar da ƙuruciyata ina koyar da lissafi, na koma gida a ƙasa, kuɗina a aljihu. Lallai baƙo makaho ne, ko da yana da ido.

Da dare ɗana ya warware mini. Tun shekarar 2014 bas-bas na Landan suka daina karɓar tsabar kuɗi. Sai dai katin Oyster, wanda aka fito da shi a 2003, ko katin banki, ko waya. A bas sau ɗaya ake ɗora kati, lokacin shiga. A jirgin ƙarƙashin ƙasa kuwa sau biyu ne, shiga da fita; wanda ya manta na fita, kuɗi mafi yawa za a cire masa. Haka kuma kati ɗaya ba ya biya wa mutum biyu, ko da miji da mata ne.

Amma kada a ɗauka ko'ina haka yake. A Dubai katin Nol ake amfani da shi, kamar yadda 'yan'uwanmu na Legas suka saba da katin Cowry. A ƙananan motocin haya na Alƙahira kuwa canji ake nema, fasinjoji su riƙa miƙa shi hannu da hannu har ya isa ga direba. Kowane gari da irin tasa al'adar.

Saboda haka ina kira gare ku, 'ya'yanmu mazauna birane. Ku ne kuke tura iyayenku asibiti ko ziyara a ƙetare. Sayen tikitin jirgi bai wadatar ba. Ku tambayi banki ko katinsu zai yi aiki a can, domin ba kowane katin naira ne yake yi ba. Ku bincika tsarin garin da za su, ku sa a tanadar musu katin mota, ku haɗa musu da 'yan canji, ku rubuta musu adireshin masauki a takarda. Dattijo mara lafiya ba zai iya tafiyar da na yi a ƙasa ba.

Mu kuma dattawa, mu sani tambaya ba ta rage girma. Da na yi ta da safe, da ban gaji da rana ba.

Allah ya kai kowa gidansa lafiya.