Hoton Tsuntsu a Sararin Sama

Tun fil azal ɗan Adam ke ɗaga kai yana kallon tsuntsu, amma idonsa ya kasa rarrabe yadda fiffike ke kaɗawa, domin saurinsa ya fi ƙarfin gani. Sai a 1882 wani masanin Faransa, Étienne-Jules Marey, ya ƙera na'ura mai siffar bindiga wadda ke ɗaukar hotuna 12 cikin sakan guda. A 1884 kuma Ottomar Anschütz na Jamus ya ɗauki hotunan wasu tsuntsaye dangin shamuwa suna sauka bisa sheƙarsu.

Kyamarori sun ci gaba ƙwarai tun daga lokacin, amma ƙa'idojin aikin suna nan yadda suke. Ta farko ita ce sauri. Wajibi ne marfin da ke buɗe wa haske hanya ya buɗe ya rufe cikin kashi ɗaya daga 1,000 na sakan, ko ma ɗaya daga 2,000 in tsuntsun ƙarami ne. In ba haka ba, fikafikan sai su fito dishi-dishi. Mai ɗauka kuma yakan bi tsuntsun da kyamara, yana juya jikinsa daga ƙugu, ba ya tsayawa ko bayan ya danna.

Ta biyu ita ce wurin tsayawa. Tsuntsu yakan fuskanci iska sa'ad da zai tashi ko zai sauka. Saboda haka wanda ya ba iska da rana baya, tsuntsun zai nufo shi da haske a fuskarsa. Hantsi da la'asar sun fi tsakar rana, domin in rana ta take, ƙarƙashin fiffike duhu yake yi.

Ta uku ita ce tsari. A bar fili a gaban tsuntsun fiye da bayansa, don mai kallo ya ga inda ya dosa. A kuma tabbata idonsa ya fito tangaran, ko da bakin fiffike ya ɗan shafe.

To, amma duk waɗannan ba su wadatar sai da sanin halin tsuntsun kansa. Shirwa shawagi take yi tana kewayawa, balbela takan miƙe zuwa makwancinta da yamma, tsattsewa kuwa ba ta da alƙibla guda. Wanda ya san haka yakan riga tsuntsun zuwa inda zai bi.

Mafi sauƙin wurin samun irin wannan hoto shi ne kusa da sheƙa, can kuma haɗarin yake. A 1937 wata mujiya ta kai wa Eric Hosking na Ingila sura kusa da sheƙarta a yankin Wales, ya rasa idonsa na hagu. Duk da haka ya ci gaba da sana'ar, har ya zama ɗaya daga cikin waɗanda suka fara ɗaukar tsuntsu yana tashi da hasken walƙiya na lantarki. Hasarar tsuntsu kuwa takan fi ta mutum. Uwar da aka firgita takan bar ƙwai ga sanyi, ko zafin rana, ko hankaka. Shi ya sa wata dokar Birtaniya ta 1981 ta hana damun wasu tsuntsaye a sheƙarsu sai da lasisi. Gwanin gaske shi ne wanda ya sami hotonsa, ya tafi, tsuntsun bai ma san ya zo ba.