Wanda Ya Ɗora Mai Sa Ido, Shi Zai Sauke Shi

Malamai, dattawan Ɗan Gulbi, da ku ƙannena masu koyon rubuta manhaja, na gode da wannan zama.

A ce ɗayanku ya rubuta manhajar da ke nuna kuɗin tiyar gero a kasuwannin Dakoro da Maradi. Farashin yana ajiye a cikin abu guda, shafin da manomi ke kallo kuma wani abu ne daban. Shafin ba ya ta tambaya ko an samu canji. Rajista yake yi a matsayin mai sa ido, farashi na motsawa a sanar da shi. Dabarar ta daɗe: littafin Design Patterns na Erich Gamma da abokansa uku ya fayyace ta a 1994, kamfanin Apple kuma ya shigar da tasa, KVO, cikin Mac OS X a 2003.

Rajistar ba ta da wuya, wajen rabuwa ake samun matsala. Kamar mutum ne ya ce wa dillali in gero ya sauka a aiko masa, ya tafi ci-rani Kano bai yi sallama ba, ɗan aike yana ta sallama a gidan da ba kowa. A tsohon tsarin Apple, saƙon da ya je wa mai sa idon da aka riga aka share yana kashe manhajar nan take. Haka ma in ka cire shi sau biyu. A Android, wanda shi ne a aljihun yawancinmu, abin ya fi ɓoyuwa. Sunan shafin yana nan a jerin masu jiran labari, don haka mai sharar ma'adana, wato ɓangaren da ke share abin da aka daina amfani da shi, ba ya taɓa shi. Manomi ya juya wayarsa a kwance, Android ya rushe shafin ya gina sabo, sabon ya sake rajista, tsohon kuma bai fita ba. A ƙaramar itel ko Tecno, nan da nan waya ta yi nauyi, caji ya zube, a garin da sai an biya kuɗi ake caji. Wannan ne ke damuna, domin mai wayar zai ɗauka tasa ce ta lalace.

A 2017 an samu sauƙi. Swift 4 na Apple ya kawo alamar rajista wadda in ta tafi rajistar ta tafi da ita, Google ya fitar da LiveData mai bin rayuwar shafi, Java 9 kuma ya ce a daina dogaro da tsohon Observable.

Duk da haka, nauyin yana wuyanku. In kun yi rajista a onStart, ku rubuta cirewar a onStop kafin ku ƙara layi ɗaya. In kuma saƙon canjin ya zo ta zaren bayan fage, kada ku taɓa shafi daga can, ku miƙa saƙon ga babban zare. Kafin ku ba kowa manhajar, ku saka LeakCanary, mai gano abin da ya maƙale a ma'adana, ku ari waya mafi rauni a gidanku, ku juya ta sau ashirin, ku ga shafi nawa ya ƙi fita.