Wistariya: Itaciyar da Furenta Ya Dogara ga Datsa

Shirin na yau zai yi bayani ne a kan wistariya, wata itaciya mai yaɗo da ke nannaɗe rumfa ko bango, wadda furanninta masu launin shuni ko fari kan sauko suna reto kamar nonon inabi. Asalinta ƙasashen Sin da Japan da gabashin Amurka ne, kuma masanin tsirrai Thomas Nuttall ne ya raɗa mata wannan suna a shekarar 1818. Tana bukatar sanyin hunturu kafin ta yi fure sosai da bazara, shi ya sa ta fi yabanya a ƙasashe masu sanyi.

Wistariya dangin wake da gyaɗa ce, domin haka a saiwarta akwai ƙananan ƙulle-ƙulle da ke ɗauke da ƙwayoyin halitta masu samar mata da naitirojin, wato sinadarin da ke haɓaka ganye. Idan mai lambu ya ƙara mata taki irin su yuriya, sai ta cika da ganye ta ƙi fure. Haka kuma wadda aka shuka daga ƙwaya kan yi shekara 10 ko fiye ba ta yi fure ba, alhali dashen da aka yi wa aure, wato aka haɗa reshen itaciya mai fure da gindin wata, yakan fara cikin 'yan shekaru. Ana dasa ta inda take samun rana ta aƙalla sa'a 6, a kan rumfar ƙarfe ko ta katako mai ƙwari, saboda nauyinta na ƙaruwa kowace shekara.

Babban aikin dai shi ne datsa, kuma sau biyu ake yinta a shekara. A ƙasashe irin su Ingila, a watan Yuli ko Agusta ana rage sababbin rassa a bar ganye 5 ko 6, sannan a Janairu ko Fabrairu a sake rage su zuwa ido 2 ko 3, wato wuraren da toho ke fitowa, domin ƙarfin itaciyar ya koma ga fure. Wadda ta samu irin wannan kulawa tana daɗewa ƙwarai, kamar ta lambun Ashikaga a Japan da ta haura shekara 150.

Wajibi ne kuma a kiyaye yara da dabbobi daga kwasfarta da ƙwayoyinta, domin suna da guba. A nan shirin ya kawo ƙarshe, sai wani jiƙon.